Donald Bailey, injiniyan da ya auna gada da ƙarfin kafaɗar mutum shida

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana biyu ko uku a bakin ƙorama, wato abin da a nan muke ce wa kor, da lori cike da albasa ko riɗi yana jiran ruwa ya janye, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar gada. Mu nan Gadarif mun san halin ƙasarmu. Baƙar ƙasar da ke ba mu dawa da riɗi, ita ce kuma da zarar damina ta kankama take komawa taɓo mai riƙe taya kamar danƙo, koguna irin su Atbara da Setit da Rahad su cika su batse, ƙananan ƙoramun da yaro ke tsallakewa da ƙafa a watan Maris su zama abin tsoro a watan Agusta. Kaya su lalace a cikin mota, farashi ya tashi a Galabat, wanda ya ci bashi ya yi sari ya rasa abin da zai faɗa wa mai kuɗi.

Wannan ne ya sa a filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau muka ɗauko wani Bature wanda da yawa daga cikin masu karatu sun taɓa hawa aikinsa ba tare da sun san sunansa ba. Idan mai karatu ya taɓa bi ta kan wata gadar ƙarfe mai ɗaukar mota ɗaya, wadda gefunanta biyu suka yi kama da bodin lori, ƙarafa sun gitta juna, tana ƙara kwaram-kwaram idan taya ta hau, to ya hau gadar Bailey ko kuma jikanyarta. Sunan mai ita Donald Coleman Bailey.

An haife shi ranar 15 ga watan Satumba na shekarar 1901 a garin Rotherham da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila, gari ne na kwal da narkar da ƙarfe. Ya yi makaranta a garinsu, sannan a wata makarantar kwana a Cambridge, daga nan ya shiga Jami'ar Sheffield inda ya sami digirin injiniya a shekarar 1923. Farkon rayuwarsa ta aiki babu wani abin a zo a gani a cikinta. Ya taɓa aiki a kamfanin alewa da cakulan na Rowntree a birnin York, ya yi a kamfanin jirgin ƙasa, ya kuma yi a ofishin injiniyan birnin Sheffield. A shekarar 1928 ne ya sami gurbi a wata 'yar ƙaramar ma'aikata ta Ma'aikatar Yaƙin Birtaniya da ke garin Christchurch a gabar kudancin Ingila, wadda aikinta shi ne gwada gadoji domin sojoji. Ya kamata a lura cewa Bailey bai taɓa zama soja ba. Farar hula ne, ma'aikacin gwamnati mai cin albashi, kuma an san shi da sha'awar harhaɗa ƙananan gadoji na gwaji tun kafin kowa ya damu da shi. Shekara 12 ya yi a wannan wuri ba a san da zamansa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, shi ya fito da shi. A tsakiyar shekarar 1940 Jamusawa suka fatattaki sojojin Birtaniya daga Faransa, suka tsere ta gabar Dunkirk suka bar yawancin kayan aikinsu a can. Aka shiga ƙera sabuwar tankar yaƙi mai suna Churchill wadda nauyinta ya kai kusan tan 40, alhali gadojin da sojoji ke da su a lokacin an yi su ne domin abin da bai kai haka ba. Aka yi ta ƙoƙarin ƙara wa tsofaffin ƙarfi, musamman wata da ake kira gadar Inglis da ta samo asali tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin bai gamsar ba. Labarin da ya shahara shi ne, a ƙarshen shekarar ta 1940, Bailey ya zana tsarin tasa gadar a bayan wata ambulan ya nuna wa manyansa.

A daidai wannan lokaci yaƙin yana nan a ƙofar gidanmu. Italiyawa da ke riƙe da Habasha sun kama Kassala da Galabat a watan Yuli na 1940, sannan ranar 6 ga watan Nuwamba wani Birgediya mai suna William Slim ya kai hari a kan ganuwar Galabat da sojojin Indiya da na Ingila. Ya karɓi ganuwar, amma ya kasa ƙetarawa ya ci Matamma. Mai karatu ya riƙe sunan wannan Slim, za mu sake haɗuwa da shi a gaba a bakin wani kogi mai nisa.

To mene ne a bayan ambulan ɗin? A nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan hikimar mutumin take.

Sauran injiniyoyi sukan fara ne da kogi, su auna faɗinsa da zurfinsa, sannan su zana gadar da ta dace da shi ita kaɗai. Bailey ya fara ne da mutum da kuma mota. Sharaɗin da aka bi shi ne kada a sami wani yanki na gadar da zai fi ƙarfin mutane su ɗauka da hannu, kada kuma a sami wanda ba zai shiga lorin soja mai ɗaukar tan 3 ba. Saboda haka ya yi gadar da wani abu guda da za mu kira ƙyauren ƙarfe. Tsawonsa ƙafa 10, wato mita 3, tsayinsa ƙafa 5, nauyinsa kilo 260. Masu dako a kasuwar amfanin gona za su gane wannan nauyi, bai kai buhun dawa uku ba. Mutum shida ke zura sanduna su ɗauke shi su yi tafiya da shi. A kowace kusurwa ta ƙyauren akwai kunne mai rami, na wannan ya shige cikin na wancan kamar yadda tirela ke kama kan mota, sai a buga wani fin na ƙarfe mai kauri da guduma ya riƙe su. Babu walda a bakin kogi, babu siminti, babu jiran kankare ya bushe. An gama duk wani aikin wuta tun a masana'anta.

Idan an jera ƙyamaren nan layi biyu, hagu da dama, sai a gitta musu manyan azarori na ƙarfe a ƙasa, a ɗora ƙanana a kansu su bi tsawon gadar, sannan a shimfiɗa katako. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gefunan nan da ake ɗauka shinge ne don kada mota ta faɗa ruwa, su ne ainihin gadar. Su ke ɗauke da nauyin duka, daɓen da taya ke takawa a jikinsu yake rataye.

Hikima ta biyu ita ce yadda ake ƙara mata ƙarfi. Ba a ƙera wani babban ƙyaure domin babban kogi. Wannan dai guda ɗayan ake ninkawa. Idan ramin gajere ne kuma kayan ba su da nauyi, layi ɗaya a kowane gefe ya isa. Idan ana son ƙari sai a jera layi biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa, idan bai isa ba a ɗora wani hawa a sama kamar bene, har hawa uku. Da haka ake iya tsallake rami mai faɗin mita 60 ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakiyar ruwa ba. Injiniyan soja yana da jadawali a aljihu, ya duba faɗin rami, ya duba nauyin abin da zai bi, jadawalin ya gaya masa layi nawa da hawa nawa. Har ma ana iya ƙara wa gada layi bayan an riga an kafa ta. Wannan ya sa direban da ya san abin yana iya kimanta gada da ido tun daga nesa: mai layi ɗaya hawa ɗaya a kan dogon rami ba ta tirela ba ce.

Ta uku ita ce ta fi ba mu mamaki ranar da muka fara fahimtar ta. Yaya za a ɗora gada a kan kogi babu injin ɗaga kaya, kuma babu kowa a ɗaya gefen? Ana harhaɗa ta ne a kan tudu, a gefen da ake, a bisa wasu ƙarafa masu juyawa. A gabanta sai a haɗa wani dogon hanci da ƙyamare zalla, babu daɓe babu katako, don ya zama marar nauyi, a ɗan ɗaga bakinsa sama. Daga nan mutane su sa kafaɗa su tura. Gadar na tafiya a kan iska, ana ƙara mata gaɓa daga baya, kuma muddin abin da ke kan tudu ya fi abin da ke reto nauyi ba za ta kife ba, kamar yadda mutum ke miƙa doguwar gora a kan rijiya yana danne gindinta. Idan hancin ya sauka a wancan gefe sai a ci gaba da turawa har gadar ta hau, a kwance hancin, a sa jak a sauke ta a kan mazauninta. Wurin da ake kuskure ke nan, idan aka yi gaggawar turawa kafin bayan ya yi nauyi, aikin dare ɗaya sai ya tafi cikin ruwa.

Manyan gwamnati suka ba da izini a farkon 1941. Zuwa watan Mayu an gama ta gwaji an ɗora mata nauyi, a watan Yuli aka fara ƙerawa, a watan Disamba kuma ta isa hannun sojoji. Shekara guda ke nan daga ambulan zuwa hannun sojoji. Kamfanoni kusan 650 ne a Birtaniya suka shiga aikin, ciki har da waɗanda a da tagogi da gadajen kwana suke yi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma ba a cika ba da labarinsa ba. Dole ne ƙyauren da aka yi a wannan gari ya shiga cikin wanda aka yi a wancan gari, cikin duhu, a hannun sojan da ya gaji, ba tare da an nemi zarto ba. Don haka aka yi ma'auni guda da kowane kamfani zai bi, ana gwada kaya kafin a karɓa. Mu da muka san wahalar neman kayan gyaran mota wanda zai zauna daidai, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera kimanin tan 490,000 na wannan gada a Birtaniya, Amurka ma ta karɓi tsarin ta ƙera nata.

A nahiyarmu ta Afirka aka fara kafa ta a fagen yaƙi, a kan kogin Majarda kusa da garin Majaz al-Bab a Tunisiya, a ƙarshen watan Nuwamba na 1942. Amma a Italiya ne ta yi suna, domin Jamusawa suna ja da baya suna fasa kowace gada da suka bari. An kafa fiye da 3,000 a can, daga ciki har da ta kogin Sangro mai tsawon mita 343, wadda aka ɗora a kan ginshiƙai. A birnin Florence ma, bayan an tarwatsa tsohuwar gadar Santa Trinita a watan Agusta na 1944, a kan ragowar ginshiƙanta aka shimfiɗa ta Bailey. Inda kogi ya yi faɗi da zurfi kuma sai a ɗora ta a kan jerin kwale-kwale ta yi iyo, kamar yadda aka yi a kogin Rhine a watan Maris na 1945.

Sai mu koma kan Slim na Galabat. Zuwa 1944 ya zama Janar mai jagorancin Runduna ta 14 a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda ake gwabzawa da Japanawa. A watan Disamba na wannan shekara, bayan sojojin Gabashin Afirka sun kama garin Kalewa, injiniyoyin rundunarsa suka shimfiɗa gadar Bailey mai iyo a kan kogin Chindwin, tsawonta mita 352, motoci da manyan bindigogi suka ƙetara. Wannan shi ne Yaƙin Bama da tsofaffin sojoji a Kano da Katsina da Zariya suka riƙa ba jikokinsu labari, domin dubban Hausawa sun yi shi a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka, ko da yake su a ɓangaren Arakan suka fi yin nasu faman, cikin daji da ruwan sama wanda ya fi namu.

Bayan yaƙi Fil Mashal Montgomery ya bayyana a rubuce cewa ba don wannan gada ba da bai iya ci gaba da tafiya da sauri a Italiya da arewacin Turai ba. An ba Bailey lambar girma ta OBE a 1944, aka naɗa shi Sir a 1946, ƙasar Holan ma ta karrama shi, domin da gadojinsa ta yi ta maneji bayan an rusa nata. Hukumar da ke saka wa masu ƙirƙira ta ba shi fam 12,000. A ganinmu kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi abin da aka samu da aikin, amma shi ma'aikacin gwamnati ne, abin da ya zana na gwamnati ne.

Gaskiya kuma ita ce ba shi kaɗai ya yi tunanin gadar da ake harhaɗawa ba. Akwai wani injiniya ɗan ƙasar New Zealand mai suna Archibald Hamilton, wanda ya gina hanya a tsaunukan Kurdawa na arewacin Iraƙi daga 1928 zuwa 1932, ya kuma fito da tasa gadar ta gunduwa-gunduwa tun kafin yaƙi. Hamilton ya kai ƙorafi cewa an shiga haƙƙinsa, hukumar ta saurare shi, ta kuma biya shi. Sai dai tasa da noti masu yawa ake ɗaure ta, tana cin lokaci, ta fi dacewa da inda za a zauna a yi aiki a natse. Ta Bailey fin ne da guduma. Haka nan lissafi da gwaje-gwajen da suka mayar da zanen ambulan ya zama gada, aikin tawaga ce ta ma'aikatan Christchurch, ko da yake sunan mutum ɗaya ya bi ta.

Da aka ajiye makamai sai gadar ta shiga hannun farar hula, kuma a nan ne labarin ya iso gare mu. Bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da irin wannan ƙarfe aka toshe ɓangaren gadar kogin Kwara da aka fasa a Onitsha. A Juba kuma, bayan yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, an kafa gadar Bailey a kan Farin Nilu, lokacin ƙasar tana ɗaya. Abin da aka ƙera don ya yi watanni a fagen yaƙi sai ga shi ya yi kusan shekara 50 yana ɗauke da duk kayan da ke shiga Juba daga Uganda da Kenya, ana gyara ana ƙara gyarawa, har sai da aka buɗe sabuwar gada da Japan ta gina a watan Mayu na 2022. Kamfanoni irin su Mabey a Ingila da Acrow a Amurka sun ci gaba da ƙera sababbin samfura, da ƙyamare masu tsayi, da daɓen ƙarfe maimakon katako, da rufin da ke hana tsatsa, Sin da Indiya ma suna yin nasu. A 2024, da zaftarewar ƙasa ta cinye wata gada a yankin Wayanad na Indiya, sojojin ƙasar sun kafa mai tsawon ƙafa 190 cikin ƙasa da kwana biyu.

Mu da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya shafa, muka ga an karya gadar Shambat a Khartoum a watan Nuwamba na wannan shekara, ba ma buƙatar a gaya mana cewa za a daɗe ana neman irin wannan ƙarfe a ƙasar nan. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa wa juna, mu 'yan kasuwa da direbobinmu, ko da ba zai yi daɗi ba. Kowace gada irin wannan tana da iyakar nauyin da aka lissafa mata, kuma allon da aka kafa a bakinta ba ado ba ne. Lorin da aka yi wa lodi har ya ninka abin da aka rubuta, idan ya wuce lafiya yau, ya bar ramukan fin sun ɗan buɗe, gadar ta ɗan sunkuya a tsakiya, walda ta fara tsagewa inda ido ba ya gani. Wanda za ta karye da shi wataƙila ma ba shi ya yi laifin ba. Ƙa'idar ita ce babbar mota ɗaya a lokaci guda, a hankali, ba taka birki da ƙarfi, ba bin juna gindi da gindi don ana sauri a riski kasuwa. Sannan ga masu zare fin ko noti su kai wa 'yan gwangwan. Sauƙin kwancewar da ya sa gadar ta yi amfani shi ne kuma rauninta, ƙarfen da bai fi a sa a aljihun riga ba yana riƙe da gaɓa guda. Hukumomi su ma suna da nasu kason, domin an saba a kafa ta da sunan wucin gadi, a yanka kirtani a yi tafi, sannan a manta da ita babu mai zuwa duba ta.

Shi dai Bailey bai bar aikin gwamnati ya shiga kasuwanci da sunansa ba. Ya ci gaba da zama a Christchurch, inda aka faɗaɗa ma'aikatar ta koma cibiyar gwajin kayan injiniyan soja, ya zama daraktanta a 1957. A 1962 aka naɗa shi shugaban sashen karatu na Kwalejin Kimiyya ta Soja da ke Shrivenham, ya yi shekara huɗu a wurin, ya yi ritaya a 1966. Ya mutu a garin Bournemouth a watan Mayu na 1985 yana da shekara 83. A fadamar Stanpit, kusa da inda ya yi aiki, akwai wata 'yar gadar Bailey a kan wani ƙaramin rafi, masu yawon shan iska da masu kallon tsuntsaye ne ke bi ta kanta da ƙafa.